Na Ce Masa Ya Rage Ci

A shekara ashirin da bakwai da na yi ina aiki a wannan asibiti, ranar da ta ƙi fita raina ita ce wata Laraba, sati biyu bayan Babbar Sallah, da matar Yaya Isufu ta faɗo mana ɗakin awo ko sallama babu, mayafinta a hannu. Ku da kuka zo bana ba ku san shi ba, ba ku kuma san yadda muke yin bizit a lokacin ba, don haka bari in ɗauko muku daga farko. Ku yi mini haƙuri, a zaune zan yi magana, ƙafafun nan sun gaji da ni.

Bizit dai ita ce awon lafiyar da kamfanonin mota ke tura direbobinsu su yi sau ɗaya a shekara. Da yake muna bakin Zongon Kwatano, kusa da garejin da manyan motoci ke tsayawa, wani kamfanin jigilar mai nan yake turo mana nasa. Ni mataimakiyar nas ce, in ka cire mai shara ni ce ƙasan kowa. Sama da ni akwai nas-nas, sama da su Majo, wato shugabansu, sannan Dokta. Aikina in ɗora mutum a sikeli, in auna hawan jininsa, in zagaya cikinsa da tef daidai cibiya, in rubuta a karne, ɗan littafin nan da kowane majinyaci ke riƙewa. Akwai kuma aikin da ba ya cikin takardata, ba wanda ya taɓa koya mini shi. Dokta 'yar kudu ce, Faransanci da yaren Fon kawai take ji, direbobin kuwa yawancinsu 'yan Jugu ne da Kandi da Malanbil da Nijar. Saboda haka ni ce tafinta.

A ƙarshen awo Dokta kan cika takardar da za ta koma kamfani. Gida uku gare ta. Na farko, ya dace da tuƙi. Na biyu, a ba shi wata uku ya gyara jikinsa, yana aiki ana lura da shi. Na uku, bai dace ba. Wanda alƙalami ya sauka a gidansa na uku, ranar zai miƙa makulli.

Yaya Isufu abokin marigayi yayana ne, tare suka koyi mota. Ya san ni tun ina yawo ba ɗankwali. Shekara ashirin da huɗu yana jan tankar mai daga Kwatano zuwa Malanbil, bai taɓa kwantar da ita ba. 'Ya'yansa bakwai a gidan haya a unguwar Agla, duk wannan motar ce cinsu da karatunsu. Mutum ne mai ban dariya, ga tumbi Masha Allah. Duk rigunansa suna da wani baƙin layi a ciki, inda sitiyari ke goga.

Ranar bizit ɗin shekarar shi ne mutum na arba'in da wani abu. Tun bakwai na safe nake tsaye, azahar ta wuce ko ruwa ban sa a bakina ba. Ya shigo yana dariya.

"Ramatu, tef ɗinki zai kai kuwa, ko a aro na tela?"

"Yaya, ka daina riƙe numfashi, ina ganinka."

Ya saki ciki. Santimita ɗari da goma sha takwas. Jini ya hau, sukari ma ya hau. Na rubuta, na shiga da shi wajen Dokta.

Dokta ba ta wasa da tumbin direba. Ta yi bayani ina juyawa: kitsen ciki ba irin na cinya ko na damtse ba ne, can ciki yake taruwa ya naɗe hanta da hanji, shi ke jawo ciwon sukari da hawan jini, mai irin wannan kuwa gyangyaɗi na iya ɗaukarsa a kan sitiyari ga tanki cike da fetur a bayansa. Sannan ta yi masa tambaya da Faransanci. Kalmar da ta yi amfani da ita ta haɗe duk abin da ke shiga bakin mutum. Ni kuwa na juyo na ce:

"Dokta ta ce me kake ci a yini?"

Ya lissafa. Da safe burodi da ƙwai, da rana shinkafa da wake a hanya, da dare tuwo in yana gida. Dokta ta gyaɗa kai, ta jero dokokinta, na kwashe su a numfashi ɗaya idona na kan ƙofa, don akwai mutum goma sha da ke jira a benci.

"Ta ce ka rage ci, rabin abin da ka saba. Ka bar soye-soye. Ka bar cin kayan zaƙi."

"Kayan zaƙi? Ni yaro ne da zan ci alawa?"

"Oho dai, na faɗa maka. Wata uku ta ba ka. Duk wata ka zo in auna ka."

Ya daina dariya. Ya ce, "Ramatu, in na rage, motata na nan?" Na ce tana nan. Ya ce to shi ke nan, an gama.

Bayan wata ɗaya ya zo, ɗari da sha tara. Na ce ƙila bai fara ba tukuna. Wata na biyu ya zo, ɗari da ashirin da ɗaya. Na sake zagayawa da tef ko na yi kuskure, haka ya sake ba ni. Ya dubi lambar, ya dube ni, ya ce:

"Wallahi tallahi sau ɗaya nake cin abinci a yini. Shi ma ɗan kaɗan."

To ku saurara, don a nan na fara ɓata. Ni na gaji da rantsuwar masu tumbi. Na ji ta ta fi a ƙirga. Mutum zai rantse miki da safe cewa ko man gyaɗa ba ya shiga gidansa, da la'asar ki wuce mahaɗar Sant-Rita a kan zem, wato acaɓa, ki hango shi gaban mai tsire, hannu dumu-dumu. Wata za ta ce ita iska ma in ta shaƙa ƙiba take sa ta. In kin shekara ashirin kina jin wannan, kunnenki toshewa yake yi da kansa. Sai na ce masa:

"Haba Yaya, ka ji tsoron Allah. Tef bai san kowa ba. Abin da ba a ci ba ta ina zai shiga ciki?"

Ya gyara rigarsa. Sannan ya ce, "Ni kike ce wa maƙaryaci, Ramatu?"

"Ban ce ba."

"Kin ce."

Ya ɗauki karnensa ya fita. Na ga dai idanunsa sun faɗa, tafiyarsa ba ƙarfi, amma na ce a raina gajiyar hanya ce. Ban bi shi ba, na kira na gaba.

Wata na uku shi ne na hukunci. Ana gobe awo na tsaya a bakin ƙofa na shaida wa waɗanda za a ɗebi jininsu cewa kada kowa ya ci abinci da safe, don awon sukari sai da cikin da ba komai. Washegari aka ɗebi na Yaya Isufu. Sukarin ya fi na farko hawa, ciki kuma ɗari da ashirin da biyu. Dokta ta daɗe tana kallon takardar. Doka ta ba ta dama ta ƙara wa mutum wata uku sau ɗaya tak, in ta tabbata yana ƙoƙari jikin ne bai amsa ba. Ta san na san shi. Ta ɗago ta tambaye ni da Faransanci, a gabansa, shi bai ji ba:

"Mutumin unguwarku ne. Yana bin abin da aka ce masa kuwa?"

Na ce, "Dokta, ba ya bi. A ɓoye yake ci, duk haka suke."

Alƙalami ya sauka a gida na uku. Ni na juya masa da Hausa. Ya sa hularsa ya tafi. Ranar Juma'a takardar ta koma kamfani. Raina bai yi daɗi ba, amma na lallashi kaina da cewa shi ya jawo wa kansa, gara ya rasa mota da ya ƙone da ita a hanyar Kandi.

Sai ga Larabar nan. Ina cikin auna wata tsohuwa, Yaya Salamatu, matarsa, ta shigo tana huci.

"Ke Ramatu, me Isufu ya tsare miki? Wata uku kun hana bawan Allah cin abinci. In tuƙa tuwo in kai masa, ya dawo mini da kwano yadda na kai shi. Har maƙwabta na tambayata ko faɗa muka yi. Ya bi maganarku kamar wahayi, kuma kun raba shi da motarsa!"

Na ce, "Yaya Salamatu, ki zauna, nan asibiti ne. Da ya bi, da cikin ya sauka."

"Da ya bi? Mutumin da jiri ke ɗiba in ya tashi daga sujada? Wallahi da ba don furar da nake dama masa ba, da yanzu sai dai ƙashi."

Na ce, "Wace fura?"

Ta dube ni kamar na yi tambayar wauta. Ta ce fura mana, kwano babba safe da yamma in yana gida, da madarar gwangwani mai zaƙi da sukari, don ya samu ƙarfi tunda an hana shi abinci. In zai hau hanya kuma takan haɗa masa garin rogo da sukari da gyaɗa ya riƙa jiƙawa, ta cika masa kula da sukreri, wato lemon kwalba. Ta ce, "In yunwa ta murɗe shi sai ya sha. To ya zauna haka nan ya mutu don ku ji daɗi?"

Ban san lokacin da na zauna a kan kujerar majinyata ba. Tsohuwar da nake aunawa, abin awon jini na ɗaure a damtsenta, ita ce ta ce, "'Yar nan, lafiya?"

Da na tashi aiki da la'asar na hau zem zuwa Agla. Na same shi a ƙofar gida a kan tabarma, da carbi a hannu, da rediyo a gefe ba a kunna ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa ba yabo ba fallasa. Na ce, "Yaya, tambaya na zo yi. Me kake sha a yini?"

Ya lissafa mini tsaf, yadda ya lissafa wancan karon. Da asuba koko da sukari. In ya isa gareji shayi wajen mai shayi, babban kofi, wanda ake tsiyaya madarar gwangwani har cokali ya kusa tsayawa. Da can kofi ɗaya yake sha, da ya bar burodi da ƙwai sai ya mai da shi biyu. Tsakanin Kwatano da Paraku sukreri huɗu ko biyar, don su ke hana shi jin yunwa, su kuma buɗe masa ido. Gari da rana. In ya samu rake ko mangwaro a bakin hanya ya sha. Fura in ya dawo.

Na ce, "Don me ba ka taɓa gaya mini ba?"

"Ba ki tambaye ni ba. Kin ce me nake ci."

"Ranar da aka ɗebi jininka fa?"

"Kin ce kada a ci abinci, ban ci ba. Shayi kawai na sha, kofi biyu, kada jiri ya kayar da ni a layi."

Innalillahi. Ni Ramatu, haifaffiyar Zongo, wadda ta tashi da Hausa a baki. Wa ya taɓa cin fura? Wa ya taɓa cin koko, ko gari, ko rake, ko mangwaro? Duk sha ake yi. Bahaushe zai shanye kwano guda na fura ki tambaye shi ko ya ci abinci, ya ce miki tun jiya rabonsa da abinci, kuma gaskiyarsa ya faɗa. Na san wannan tun kafin in san harafin Faransanci ɗaya. Amma kan nan nawa da Faransanci aka koya masa aikin asibiti, sai na ɗauki kalmar Dokta na sauya ta da ta farkon da ta zo bakina. Mutumin nan ya ajiye tuwo da miyar kuka, abin da ke zama a ciki ya riƙe mutum, ya koma ruwan sukari, wanda ba ya ƙosarwa, bayan awa ɗaya yunwa ta dawo a sake sha. Jiki kuwa ba ruwansa da ko taunawa aka yi ko kurɓa. Abin da ya yi masa yawa kitse yake mai da shi, irin wannan zaƙin kuma a ciki ya fi son ajiye shi. Wata uku yana fama da yunwa, tumbin na ƙaruwa.

Na yi masa wannan bayani ina kuka, ba na jin kunyar faɗa muku. Na kuma gaya masa abin da Dokta ta tambaye ni da amsar da na bayar, don ban ga amfanin ɓoyewa ba. Ya ajiye carbin. Sannan ya ce:

"Kuskuren kalma kowa na yi. Amma na rantse miki da Allah, Ramatu. Da kin tsaya minti ɗaya kin ce, to Yaya, in ba ka ci, me ke shiga cikin nan? Da na gaya miki."

Yaya Salamatu ta leƙo ta ga ni ce, ta koma ciki.

Washegari tun kafin a fara ganin majinyata na shiga wajen Dokta na kwance mata komai. Ta cire tabarau ta ajiye, ta riƙe goshinta. Ba ta yi mini faɗa ba, ni kuwa da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce ita ma da laifinta, ta ga mutum na ramewa a fuska yana ƙaruwa a ciki, ya kamata ta tsaya ta tona. Ta sa aka kira Yaya Isufu, aka sake ɗibar jini, wannan karon ba ci ba sha sai ruwa. Sukarin na sama har yanzu, amma bai kai wanda muka rubuta ba, irin wanda da wata uku za ta ƙara masa. Ta rubuta wasiƙa ta sa hannu ta buga hatimi, Majo da kansa ya kai kamfanin.

Majo ya dawo da azahar yana share gumi. Sun karɓe shi da mutunci, har ruwa suka ba shi. Sun ce motar tun Litinin an ba wani, man fetur ba ya jiran kowa. Takardar da ta shiga fayil kuma ba ta fita, sai dai ya sake nema baɗi a matsayin sabon direba. Su kuwa ba sa ɗaukar sabon direban da ya wuce hamsin da biyar. Yaya Isufu na da hamsin da shida.

Dokta ta sake rubutawa, ni ma na je da ƙafata sau biyu, na zauna a bencinsu tun safe har aka tashi. Na ƙarshe wani magatakarda ya ce mini, "Madam, ki daina wahalar da kanki." Na daina, don gaskiya ya faɗa, kuma ina da layin mutane na jirana a nan.

Abin haushin, da aka gaya masa magana daidai, jikin bai yi gardama ba. Ya bar sukreri, ya bar madarar gwangwani, shayi ba sukari, fura sai jefi-jefi. Ya koma cin tuwon matarsa daidai misali, da ganye da kifi. Kafin azumi ya zagayo sai da aka rage masa wanduna. Abin da aka nema a wata uku ya samu, sai dai ba mai tambayarsa kuma.

Ga abin da na ɗauka daga wannan, ku ma ku ɗauka ko ku bari, na dai faɗa. In majinyaci ya zauna gabanku a kan maganar ƙiba ko sukari, tambaya biyu ce: me kake ci, me kake sha. Ku bi da shi tun daga asuba har ya kwanta, kofi kofi, kwalba kwalba. In za a ɗebi jini ku ce kada a ci, kada a sha komai sai ruwa, ku sa ya maimaita muku. In kuma awo ya saɓa da maganar mutum, kada ku yi saurin cewa ƙarya yake. Wasu na yi, na sani, na fi ku sani. Amma mutanenmu sun fi yawan amsa daidai abin da aka tambaye su, ba ƙari ba ragi, don suna ganin girman farar riga. Aikin nan zai gajiyar da ku har ku riƙa jin kamar kun san amsar kowa tun bai buɗe baki ba. Ranar da kuka ji haka, ku fita ku sha ruwa ku dawo, ku sake tambaya. Ni ban fita ba.

Yaya Isufu na nan da ransa. Shugaban garejin ya tausaya masa ya ba shi gadin ƙofa, manyan 'ya'yansa biyu suka bar makaranta suka shiga kasuwa. Muna gaisawa in na wuce, yakan tambayi yarana. Duk ranar Litinin da hantsi, in tankar nan da ya saba ja ta yi lodi za ta kama hanyar arewa, shi ke tashi ya buɗe mata ƙofa ta fita.